Kafin ka biya kuɗin tsohuwar tashar Hornby

'Yan uwa masu tara jiragen ƙasa na wasa, in an tallata muku tasha ko sigina ta Hornby aka ce ta kafin yaƙin duniya na biyu ce, ku nemi hoton ƙarƙashinta tukuna. Kamfanin Meccano na Liverpool a Ingila ne ya ƙera su tun daga shekarun 1920, kuma galibi sunansa na jiki.

Amma suna kaɗai bai isa ba. Waɗannan tashoshin na gwangwani ne, ana buga zanen bulo da tagogi a kan farantin kafin a yanke shi a lanƙwasa. Saboda haka fentin asali sumul yake, babu sawun buroshi. Ku duba 'yan kunnuwan gwangwanin da aka lanƙwasa suka riƙe bangon: in akwai ƙarzuwa a gefensu, an taɓa buɗewa, wataƙila an sauya rufi. Ni kam na fi son mai ɗan tsatsa a kan wadda ke walƙiya kamar jiya aka yi ta.

Kwalin ma ana kwaikwayonsa. Ku haska masa fitilar gane jabun kuɗi. Takardar zamani takan yi shuɗin haske, tsohuwa kuwa ba ta yi.