"Inna, ya ci da hagu!": kurakuran da muke yi idan yara sun ga an karya doka

Duk gidan da ke da ɗan shekara 3 ko 4, daga Mabera har Runjin Sambo a Sakkwato, ya san wannan kiran. Ana zaune kan tabarma ana cin tuwo, sai ƙaramar ta ɗaga murya: "Inna, ya ci da hagu!" Amsar da ta fi samu ita ce, "Rufe mana baki, munafuka."

Wannan kuskuren ne ya fi ci mini rai. Yarinyar ba gulma take yi ba. Jiya aka ce mata da dama ake ci, yau tana so ta ji ko maganar tana nan. A 2008, a birnin Leipzig na Jamus, masu bincike Rakoczy da Warneken da Tomasello sun koya wa yara wani sabon wasa, sannan suka sa 'yar tsana ta yi shi ba daidai ba. 'Yan shekara 3 suka riƙa tsawata mata suna gyara mata, alhali ba ta taɓa musu komai ba. Doka suke karewa. Don haka a ce mata, "Gaskiyarki, da dama ake ci. Faɗa masa da kanki, a hankali." A kuma nuna mata cewa idan ƙanenta ya nufi rijiya ko murhu, wannan kam ta zo da gudu ta faɗa.

Sai auna laifi da yawan ɓarna. Jean Piaget, masanin tunanin yara, a littafinsa na 1932, ya nuna cewa ƙananan yara sukan ga wanda ya fasa kofuna 15 bisa kuskure ya fi laifi a kan wanda ya fasa ɗaya garin satar kayan zaƙi. To mu manya fa? An aiki yaro sayen fura, ya yi tuntuɓe ta zube, ya sha bulala. Wanda ya ɗebi sukari a ɓoye kuwa dariya aka yi masa. Kafin hukunci a tambaya: "Yaya aka yi?"

Bulalar ma tana da nata illa. Binciken Talwar da Lee na 2011 a wasu makarantu biyu na Afirka ta Yamma ya gano cewa yaran makarantar da ake duka sun fi yin ƙarya don ɓoye laifi, kuma sun fi iya ta. Ko salla, hadisin Abu Dawud ya ce a umarci yaro da ita yana da shekara 7. Ina ga ɗan shekara 4 da ya manta gaisuwa?

Idan yaro ya amsa laifinsa, a ce, "Madalla da ka faɗi gaskiya," sannan a miƙa masa tsintsiya ya share abin da ya zubar.