Yadda ake fara koyon judo don kare kai

Yawancin samarin da ke zuwa wurin horo burinsu su koyi kayar da mutum. Bayan mako biyu ko uku sai ka nemi wasu ka rasa: wannan ya yi targaɗe a wuyan hannu, wancan kafaɗa ta hana shi barci. Kusan dukkansu abu ɗaya ne ya same su, ba su tsaya sun koyi faɗuwa ba.

Jigoro Kano, wanda ya kafa makarantar Kodokan a Tokyo a 1882, daga tsohuwar dabarar jujutsu ya fitar da judo. Ya ware dabarun da ke karya mutum daga gwajin yau da kullum, domin ɗalibai su iya kama juna da iya ƙarfinsu ba tare da an ji ciwo ba. Wannan shi ya sa judo ke da amfani wajen kare kai. Amma hakan ba ya yiwuwa sai wanda aka kayar ya iya sauka lafiya. Don haka darasin farko shi ne ukemi, wato faɗuwa.

Da farko nemi wuri mai katifar horo da malami. A kan siminti ban yarda kowa ya fara ba, ko da an shimfiɗa tabarma. Rigar judo mai kauri ce, kuma sabuwa tana da tsada. Ta gwanjo ta wadatar. Kada dai ka sayi ta karate don ta fi araha, jan farko za ta yage. Yanke farce, cire zobe.

Kwanta rigingine. Ɗaga kai, ka manna haɓa a ƙirji, idonka a kan ƙullin ɗamararka. Ɗaga hannaye biyu ka buga katifa da su lokaci guda, daga tafi har damtse, a ɗan ware da jiki, ba a manne ba, ba kuma a baje kamar fiffike ba. Fitar da numfashi yayin bugun. Yi ta yi har sai wuyanka ya gaji, domin wuyan ne ake horarwa. Sannan ka yi daga zaune, sannan daga tsugune, sai a ƙarshe daga tsaye. A ganina mako guda cur ya kamata a yi kafin a bar zaune.

A nan ne ake ɓata abu. Mutum idan ya ji zai faɗi ta baya, jikinsa da kansa yake miƙa hannu ya tokare ƙasa. Nauyin jiki duka sai ya sauka a wuyan hannu ko gwiwar hannu, ƙarshenta karaya. Hannu a ukemi bugawa yake yi bayan gadon baya ya taɓa ƙasa, ba ya tokarewa. Kuskure na biyu ya fi wannan muni: sakin wuya, ƙeya ta bugu. Idan ka ji kanka ya taɓa katifa ko sau ɗaya, koma matakin baya, babu kunya a ciki. Waɗanda suka taso da kokawa su suka fi shan wahala a nan. Suna da ƙarfi da iya tsayuwa, amma a kokawa faɗuwa ita ce kaye, jikinsu ya saba da ƙin ta, sai su sandare. Jiki a sandare kuwa shi ke jin ciwo.

Faɗuwar gefe haka take, sai dai da hannu ɗaya ake bugu, kuma kada gwiwoyi su haɗu. Ta mirginawa gaba, lanƙwasa hannu, ka bi ta kansa zuwa kafaɗa, ka ratsa baya zuwa ƙugun ɗaya ɓangaren. Kai ba ya taɓa ƙasa sam. Yi ta dama, yi ta hagu. A kan kwalta ba za ka buga hannu da ƙarfi irin na katifa ba, amma haɓar nan a ƙirji ita za ta cece ka, ko a faɗa ko a faɗowa daga babur.

Bayan wannan sai kuzushi, wato raba abokin karawa da daidaiton tsayuwarsa ta ja ko turi kafin kaye. Kaye biyu sun ishe ka a watannin farko: osoto gari, sharar ƙafa ta waje, da ogoshi, ɗauka a ƙugu. Idan ka kayar da abokinka, riƙe hannun rigarsa har ya sauka. Idan ya bubbuga jikinka ko katifa, sake shi nan take.

Daga nan sai randori, gwaji da wanda ba ya ba ka haɗin kai, da koyon ɓamɓare hannun wanda ya ci kwalarka. Kodokan ta tsara dabarun kare kai 21 a 1956, har da na wuƙa da sanda, amma ba na ɗan koyo ba ne. Idan mai ƙwace ya zaro wuƙa, miƙa masa wayar. Idan riƙe ka aka yi, ƙwace jikinka ka gudu inda mutane suke.