Jirgin yawon shaƙatawa ba ya jiran kowa: kurakuran da mutanenmu suka fi yi a teku da kuma a tsibirin Malta

Daga Yamai zuwa bakin teku a Kwatano tafiyar kimanin kilomita 1,000 ce, saboda haka ba abin mamaki ba ne mutumin Yamai ko na Tawa ya laƙanci dokokin filin jirgin sama na Diori Hamani amma ya zama baƙo a harkar jirgin ruwa. Duk da haka, ana samun ƴan kasuwa da manyan ma'aikata, har da ango da amarya, da ke zuwa Marsai ta Faransa ko Basalona ta Sifaniya su shiga irin manyan jiragen nan da ke zagaya Bahar Rum na tsawon mako guda, suna kwana a teku, suna wuni a wani gari. Yawancin kurakuran da ake yi tushensu ɗaya ne: mutum ya ɗauki jirgin a matsayin otel kawai, ya manta cewa abin hawa ne mai agogonsa da dokokinsa, kuma ba a sassauta wa kowa.

Kuskuren farko tun a gida ake yin sa, wajen neman biza. Mai fasfon Nijar yana buƙatar bizar Shengen, wato ta yankin ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, ciki har da Faransa da Sifaniya, kuma tun da aka rufe ofishin jakadancin Faransa a Yamai a farkon shekarar 2024, wajibi ne a fara bincike da wuri a san ƙasar da za ta karɓi takardun da kuma inda za a kai su. Abin da aka fi mantawa shi ne duba jerin tashoshin da jirgin zai tsaya. Malta tana cikin Shengen tun shekarar 2007, amma idan jirgin zai yada zango a Tunis, to mutum ya fita daga yankin ke nan, kuma mai bizar shiga sau ɗaya ba shi da izinin komawa. Irin wannan fasinja tun a tashar farko ake hana shi hawa, kuɗin tikiti kuma ba ya dawowa. Gyaran shi ne a haɗa cikakken jadawalin tafiyar da takardun neman biza, a nemi ta shiga da fita sau da yawa. Ma'aurata kuma su sani cewa yawancin kamfanoni ba sa ɗaukar mace mai cikin da ya kai mako 24, ko jaririn da bai cika wata shida ba.

Sai batun guzuri, inda al'adarmu ke cin karo da doka. Mutumin Tawa ba ya jin ya shirya tafiya sai ya ƙulle kilishi da cuku a jaka, alhali Tarayyar Turai ta haramta wa matafiyi shigar da nama da kayan madara daga ƙasashen da ba nata ba, ko da don cin kansa ne. Idan an gani a kwastan ƙwacewa za a yi, wani lokaci har da tara. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne kayan wuta. Kowace jaka sai ta bi ta na'urar bincike kafin a kai ta ɗaki, kuma wadda aka hango kasko da gawayi a cikinta, ko dutsen guga, ko ƙaramin risho na dafa shayi, ba za ta iso ba. Sai dai a tarar da takarda a ƙofa ana kiran mai ita zuwa wani ɗaki a can ƙasan jirgi, ya buɗe ta a gaban jami'an tsaro, su karɓe kayan su ba shi rasit sai ranar sauka. Hajiya da ta saba turara ɗaki da tufafi za ta ji abin ba daɗi, amma babu abin da ma'aikatan jirgi ke tsoro kamar gobara, kuma a kowane ɗaki akwai na'urar da ke jin hayaƙi. Humra da turaren fesawa sun wadatar, ruwan zafin shayi kuwa ana samun sa a wurin cin abinci.

Da an shiga jirgi, kafin ya tashi, za a kira fasinjoji duka zuwa atisayen ceton rai. Mutanenmu da yawa suna ɗaukarsa ɓata lokaci, su kwanta a ɗaki da sunan gajiyar hanya. Wannan atisaye doka ce ta ƙasa da ƙasa, an kuma tsaurara ta bayan hatsarin jirgin Costa Concordia, wanda ya bugi dutse kusa da tsibirin Jiliyo na Italiya a watan Janairun 2012, mutum 32 suka rasu, alhali waɗanda suka hau a ranar ba a riga an yi musu atisayen ba. Tun daga shekarar 2015 dole ne a yi shi kafin tashi ko da zarar an tashi. Abin da ake so mutum ya riƙe kaɗan ne: wurin taruwarsa, wanda ke rubuce a katinsa da bayan ƙofar ɗakinsa, yadda ake ɗaura rigar ceto, da ƙarar gargaɗi, wato gajeriyar busa sau bakwai sannan doguwa ɗaya. Ana ɗaukar sunan duk wanda ya halarta, wanda ya ƙi zuwa kuma za a neme shi.

Katin nan da ake ba kowane fasinja shi ne makullin ɗaki, shi ne shaidar fita da shiga, shi ne kuma kuɗi, domin ba a ciniki da tsaba a cikin jirgi. A nan ne aljihu ke yoyo ba tare da mai shi ya ji ba. Jumlar “an biya komai” da dillalin tafiya ya faɗa galibi ta tsaya ne a ɗaki da abincin manyan wuraren cin abinci. Lemun kwalba, hotunan da masu ɗaukar hoto na jirgi ke yi, intanet, ganin likita, da ladan ma'aikata da ake ɗora wa kowane mutum kowace rana, duk suna taruwa a kan katin. Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, don haka abin da aka rubuta masa yuro 15 ya kusa jika goma, kuma wanda ya saba yin wannan lissafi a zuci kafin ya miƙa kati ba zai sha mamaki a daren ƙarshe ba. Ana iya duba lissafin kullum a talabijin ɗin ɗaki ko a teburin karɓar baƙi. Salula ma tana da nata tarkon: idan jirgi ya yi nisa da gaɓa, takan kama layin jirgin da ke bi ta tauraron ɗan adam, wanda tsadarsa ta wuce misali, kuma hotuna da bidiyon da ke sauka da kansu a WhatsApp suna iya cinye kuɗin mutum yana barci. A rufe layin tun kafin a bar tasha, a buɗe shi idan an sauka.

Game da salla, kuskuren da aka fi yi shi ne ɗauko alƙiblar gida a kai ta teku. A Yamai muna fuskantar gabas da ɗan karkata zuwa arewa, amma a Malta alƙibla tana gabas ne da karkata zuwa kudu, ga shi kuma jirgin yana juyawa, ta yadda bangon da aka fuskanta da azahar ba lalle ya zama shi ne da la'asar ba. Akwai tasha a talabijin ɗin ɗaki da ke nuna inda jirgin yake da inda ya dosa, ita ce ta fi taimakawa, domin ƙarfen jirgi yakan rikita kamfas ɗin salula. Lokutan ma sun bambanta, don a watan Yuni rana ba ta faɗuwa a Malta sai bayan ƙarfe takwas na dare. Hukuncin ƙasaru da haɗa salloli kuwa a tambayi malami tun kafin a bar gida. A taho da ƙaramar buta ta roba, kuma kada a jefa komai a masai ban da takardar da aka tanada, domin da iska yake zuƙa, bututunsa siriri ne, idan ya toshe yakan shafi ɗakunan maƙwabta. A wajen abinci, ganin nama bai yi kama da na alade ba bai isa hujja ba, tunda ana sa naman alade a miya da taliya, ana kuma dafa wasu abubuwan da giya. Wanda yake son abincin halal ya sanar da kamfani tun lokacin sayen tikiti, idan kuma bai samu ba, kifi da ƙwai da kayan lambu suna nan a wadace. Mai saurin jin jiri ya nemi ɗaki a tsakiyar jirgi, a benen ƙasa, inda tangaɗi ya fi sauƙi, ya sha maganinsa kafin abin ya taso, ya riƙa fita sarari yana kallon nesa. Citta ma tana taimaka wa wasu.

Ranar sauka a tsibiri ita ce ranar da aka fi tafka kuskure, kuma babbansu shi ne na lokaci. Mun saba da tasha inda mota ba ta tashi sai ta cika, kuma idan Alhaji ya tafi alwala yaron mota zai ce wa direba a dakata masa. Jirgi mai fasinja dubbai yana da lokacin da hukumar tasha ta ba shi, yana da wata tashar da ke jiransa gobe da safe, saboda haka ba ya dakatawa. A bakin gadar sauka akwai allo da aka rubuta lokacin da kowa zai kasance a ciki, wanda galibi rabin awa ne kafin tashi. Wannan shi ne lokacin da ya shafi fasinja, ba na tashin ba. Ya dace mutum ya ɗauki hoton allon, ya kuma saita agogon hannunsa da na jirgi. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba Malta tana gaban Nijar da awa ɗaya, don haka wanda agogonsa ke kan lokacin Yamai zai ga ƙarfe huɗu alhali biyar ta yi.

Baleta, babban birnin Malta, gari ne da ake iya gani da ƙafa, amma a kan tudu yake, jirgi kuwa yana tsayawa a ƙasa, a gindin ganuwa. Masu ƙarfin hali sukan kama hawa da ƙafa cikin rana su isa a gajiye, alhali ga lif na Baraka nan kusa, mai tsawon mita 58, wanda ke kai mutum lambun da ke saman ganuwa cikin ƙasa da minti ɗaya. Daga wannan lambu ake ganin tashar gaba ɗaya, da garuruwa uku da ke tsallaken ruwa, da ƙananan kwale-kwale masu launi suna kai da komo. A ƙasan barandar lambun akwai jerin igwa, kuma da ƙarfe 12 na rana wani mutum cikin kakin soja na zamanin da yakan harba ɗaya, ƙarar ta girgiza ƙirji, tattabaru su watse, hayaƙi ya bi iska zuwa kan ruwa. Wanda ya zo saura minti biyar ba zai sami wurin tsayawa a gaba ba. An aza harsashin birnin a shekarar 1566, shekara ɗaya bayan dakarun Daular Usmaniyya sun yi wa tsibirin ƙawanya ba su ci shi ba, shi ya sa ko'ina ganuwa ce da hasumiya. Titunansa cike suke da matakala na farin dutse da ya goge ya yi santsi, saboda haka silifa da takalmi mai tsini ba nasu ba ne. A babbar majami'ar Yohana Mai Tsarki ma ba a barin mai tsinin takalmi ya taka daɓen marmara, ana kuma so a rufe kafaɗa da gwiwa, sharaɗin da suturarmu ta riga ta cika. Ranar Lahadi ba a buɗe ta ga masu yawon buɗe ido.

Wani kuskuren shi ne haɗama. Mutum ya ji an ce faɗin ƙasar duka murabba'in kilomita 316 ne, sai ya ƙudura zai ga Baleta, ya je tsohon birnin Imdina, ya tsallaka tsibirin Gozo, duk a wuni ɗaya. Ƙanƙantar ƙasa ba ta hana cunkoson motoci, kuma jirgin ruwa mai sauri daga Baleta zuwa Gozo kimanin minti 45 yake ɗauka a zuwa kawai, ban da jira. A ganina Baleta da safe, Imdina bayan azahar, sun ishi mai wuni ɗaya. Wanda yake son yin salla cikin jama'a kuma akwai babban masallaci a garin Pawla, ba nisa da tashar. Idan har sai an yi nisa, gara a biya yawon da jirgin ya shirya, ko da ya fi tsada, domin idan motarsu ta makara jirgi yana jiranta, abin da ba ya yi wa wanda ya fita da kansa. A tuna kuma cewa a Malta ta hagu ake tuƙi, don haka mai tsallaka titi ya fara duban dama. Sefa ba ta da amfani a can, a canza yuro tun a Yamai.

Kafin a sauka, a ɗauki takardar shirin yini da ake ajiyewa a ɗaki kowane dare, domin a cikinta ne ake buga suna da lambar wayar wakilin jirgin a wannan tasha. A fita da katin jirgi, da fasfo ko kwafinsa idan jirgi ya riƙe na asali, da katin banki, da maganin da ake sha kullum. Wanda ya ga zai makara ya kira wakilin tun yana hanya, ba sai ya iso ya tarar da wurin wayam ba. Idan an riga an tafi, wakilin ne zai faɗa masa ko an bar masa fasfonsa da kuma tashar da jirgin zai tsaya gobe, amma kuɗin cim masa daga aljihunsa zai fito. Tunda Malta tsibiri ce, hanya biyu kawai gare shi: ko jirgin sama, ko jirgin fito da ke zuwa Pozalo a kudancin tsibirin Sisili na Italiya cikin ƙasa da awa biyu, daga can ya nemi mota ko jirgin ƙasa.