Darasi na 7: Manhaja ɗaya, cirar kuɗi biyu

Da yawa daga cikinmu muna da imel fiye da ɗaya ba tare da mun shirya hakan ba. Waya ta ɓace, an sayi sabuwa, an manta kalmar sirri, sai mai shago ya buɗe maka sabon Gmail nan take. To, tsohon yana nan da ransa. Idan ka taɓa saka katin banki a kansa don biyan Google One (ƙarin wurin ajiya na Google) ko YouTube Premium (YouTube mara talla), kuɗi za su ci gaba da fita duk wata. Da ka sake yin rajista da sabon imel, sai ka riƙa ganin alat biyu. Kamfani imel yake ƙirgawa, a wurinsa ku mutum biyu ne.

Goge manhaja daga waya ba ya tsayar da cirar kuɗi. Nan ne mutane suka fi yin asara.

Fara da alat ɗin banki. Rubuta ranakun da aka cire kuɗin da adadinsu a takarda. Sannan ka shiga kowane imel ka nemo rasit. Na Google Play lambarsa tana farawa da GPA. Idan ka ga rasit biyu na manhaja ɗaya a wata ɗaya masu lamba daban, rajista biyu gare ka.

Buɗe Play Store, danna hotonka da ke sama, zaɓi imel ɗin, ka shiga inda aka rubuta "Payments & subscriptions". Ka yi haka ga kowane imel, ɗaya bayan ɗaya. Mai iPhone ya shiga Settings, ya danna sunansa.

Kada ka yi gaggawar sokewa. Duba tukuna wane imel ne ke riƙe da hotunanka da takardunka. Google kyautar wurin ajiya na 15GB kawai yake bayarwa. Idan ka soke Google One na imel ɗin da kayansa suka zarce haka, saƙo zai daina shigo maka. Kwashe kayan, sannan ka soke.

Batun maido da kuɗi kuwa, da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Google ya fi sauraron koke cikin awa 48 da cirar. Ka tura lambobin rasit ɗin biyu, ka ce katin ɗaya ne, mai shi ma ɗaya.

Aikin gida: rubuta duk imel ɗin da kake da su, da abin da kake biya a kan kowanne. Ka zo aji da takardar, amma ban da kalmar sirri, ko malami kada ka nuna wa.