Kurakuran da aka fi yi wajen kula da coreboot a babban allon kwamfutar tebur

Aikin coreboot ya faro ne a 1999 a cibiyar bincike ta Los Alamos da ke Amurka, inda Ron Minnich da abokan aikinsa suka sa masa suna LinuxBIOS, kafin a sauya sunan a 2008. Manufarsa ita ce a maye gurbin BIOS ɗin kamfani, wato manhajar da ke fara aiki da zarar an kunna kwamfuta, da manhaja buɗaɗɗiya wadda za ta tayar da furosesa da RAM, sannan ta miƙa ragama ga wata manhaja kamar SeaBIOS ko GRUB ko edk2. Shigar da sabon allo cikin wannan aiki yana da wahala, amma riƙe shi da rai bayan an karɓe shi ya fi bukatar haƙuri, kuma a nan ne masu kula suke yawan tuntuɓe.

Kuskuren da ya fi kowanne ɓarna shi ne mutum ya ɗauka cewa tunda kod ɗin allonsa ya harhaɗu ba tare da ƙorafi ba, to allon yana tashi. Duk faci, wato gyaran kod, da aka tura shafin bita na Gerrit, na'urar gwaji ta Jenkins tana harhaɗa shi a kan allunan da ke cikin aikin, sai dai ita ba ta da allonka a gabanta, ba ta kuma san ko fuskar kwamfutarka ta yi haske ba. Wani yana iya gyara kod ɗin gadar arewa, wato sashen da ke haɗa furosesa da RAM da PCIe, na furosesan Intel samfurin Sandy Bridge da kyakkyawar niyya, ya gwada a kan ThinkPad ɗinsa, komai ya tafi daidai, alhali gyaran ya hana allon tebur irin ASUS P8H61-M LX ganin katin da ke ramin PCIe. Idan mai kula bai gwada ba sai bayan shekara, zai tarar da dubban sauye-sauye tsakanin sigar da ke aiki da wadda ta lalace. Maganin shi ne gwaji a kan ainihin allon a kai a kai, musamman gab da fitar kowace siga. Gwajin kuma ya wuce ganin Linux ya buɗe: a kunna daga sanyi bayan an zare wuta gaba ɗaya, a sake kunnawa daga cikin tsarin aiki, a sa kwamfutar barcin S3, wanda ake riƙe aikinta a RAM, a tashe ta, a cika dukkan ramukan RAM sannan a gwada da sanda ɗaya, a duba kowace ƙofar SATA da USB, a saurari sauti, a kuma lura ko fanka tana ƙara gudu idan furosesa ta yi zafi. Bayan haka a ɗauki rahoton tashi da cbmem -c, a tura sakamakon ta hanyar board_status.sh, domin da wannan rajistar ne sauran masu aikin suke sanin cewa akwai mai amfani da allon. Idan an ga matsala, git bisect zai nuna facin da ya jawo ta, kuma aikinsa yana da sauƙi ne kawai idan an san siga ta ƙarshe da ta yi aiki.

Dab da wannan akwai sakaci da bayanan da ke rakiyar kowace siga. Masu jagorancin coreboot sukan sanar tun da wuri cewa za a cire wata tsohuwar hanya, su ba da wa'adi, kuma duk allon da ba a mayar da shi kan sabuwar hanyar ba sai a fitar da shi daga babban reshe. Bayan siga ta 4.11 a 2019 an cire allunan da ba su cika sababbin sharuɗɗan matakan tashi ba, ciki har da ASUS KGPE-D16 da jama'a ke ƙauna ƙwarai. Bayan siga ta 4.18 a 2022 kuma aka cire allunan AMD masu tsohon kod ɗin tayar da furosesa na AGESA, irin su ASUS F2A85-M da ASRock E350M1, saboda ba a kai su kan sabon tsarin rabon albarkatu ba. A ganina babu zalunci a cikin wannan, domin kod ɗin da ba mai gwada shi yana ɗaure hannun kowa. Mai kula ya karanta sashen abubuwan da za a daina a kowace siga, ya fara aikin sauyin a watan da aka sanar, ya kuma sa sunansa a fayil ɗin MAINTAINERS don a riƙa jawo shi cikin bitar duk facin da ya taɓa allonsa.

Sai kurakuran filashin, wato rubuta manhaja a cip ɗin allo, waɗanda su ne ke mayar da allo gawa nan take. Kafin a rubuta komai a cip ɗin SPI da ke ɗauke da BIOS, a karanta abin da ke cikinsa da manhajar flashrom aƙalla sau biyu, a kwatanta kwafin biyu da sha256sum, a adana su a wani wuri dabam da kwamfutar da ake aiki a kanta. A allunan Intel wannan kwafin yana ɗauke da bayanin rabon cip ɗin da sashen ME (manhajar ƙaramin furosesan sarrafawa na Intel), kuma inda katin sadarwar na Intel ne, har da sashen GbE mai adireshin MAC na wannan allo kaɗai. Manhajar ifdtool ce ke raba su. Wanda ya rubuta kwafin wani a kan allonsa ya ari adireshin wani ke nan, wanda kuma ya watsa nasa a intanet ya raba nasa ga duniya. Dole ne a mallaki na'urar rubutu ta waje tun kafin a bukace ta, balle a inda wuta ke ɗaukewa ba sallama. A kuma auna ta da mita: yawancin baƙaƙen na'urorin rubutu na CH341A masu araha suna fitar da bolt 5 a layukan bayanai, alhali cip ɗin na bolt 3.3 ne, wasu sababbi ma na 1.8. Allunan Gigabyte masu DualBIOS suna da cip biyu, don haka a tabbatar da wanda aka maƙala wa matsin na'urar rubutun.

Wani kuskuren kuma na gaggawa ne: a kwafo babban fayil ɗin wani allo mai kama da naka, a sauya suna, a ci gaba. Alluna biyu suna iya zama da cifset ɗaya amma saitin filolinsu na GPIO ya bambanta, ɗaya yana da cip ɗin Super I/O, mai kula da fanka da ƙofar siriyal, na kamfanin Nuvoton ɗayan na ITE, kuma fil ɗin da aka saita ba daidai ba yana iya hana allo kashewa ko ya cutar da wani sashe nasa. A tattaro bayanai daga allon yana kan BIOS ɗin kamfani, da inteltool da superiotool da lspci, a ajiye su har abada. Abin da autoport, mai samar da kod ɗin farko na sabon allo, ya fitar tushe ne kawai, sai an bi devicetree.cb, fayil ɗin da ke jera na'urorin allon, layi bayan layi an kashe na'urorin da allon ba shi da su. Haka nan a kula da lambar bugu da ke jikin allon, domin kamfani yakan sauya kayan haɗi ba tare da sauya suna ba. Bugu biyu na allo ɗaya gara a riƙe su a matsayin nau'o'i biyu ƙarƙashin babban fayil guda.

Kada a kashe rahoton ƙofar siriyal don neman saurin tashi a sigar gwaji. Allunan tebur da yawa suna da filolin COM ko da babu ƙofar a baya, kuma rahoton da ke fita a gudun 115200 shi ne kaɗai shaida idan tashi ya tsaya a wajen horar da RAM. A harhaɗa da crossgcc na coreboot, ba da kayan harhaɗawar da suka zo da tsarin aiki ba.

Akwai kuma masu riƙe gyare-gyarensu a reshen kansu na tsawon watanni, su zo da faci ɗaya mai girma wanda babu mai iya bitarsa. A raba aiki ƙanana-ƙanana, kowane faci da dalilinsa da layin Signed-off-by da bayanin gwajin da aka yi masa. Abin da ya shafi allo ɗaya ya tsaya a babban fayil ɗin allon, kada a cusa shi cikin kod ɗin da alluna da dama suke rabawa. Shafin allon a Documentation/mainboard ya faɗi inda cip ɗin yake, girmansa, hanyar filashin, ko ana bukatar rufaffen kod ɗin tayar da RAM irin mrc.bin ko FSP na Intel, da abin da ba ya aiki tukuna, kuma a sabunta shi a cikin facin da ya sauya halin allon.