Zoben makullan zama a Linux: inda ake yawan yin tuntuɓe

Tun sigar 2.6.10 kanel ɗin Linux, wato zuciyar tsarin, ke ajiye makullan sirri, irin su tikitin Kerberos da ke tabbatar da ko wane ne mutum a kan hanyar sadarwa, a cikin ma'ajiyai da ake kira zobba (keyrings). Wanda ke ba kowane mai shigowa zoben zamansa (session keyring) shi ne pam_keyinit, wani sashe na PAM, tsarin da ke tantance masu shiga kwamfuta. Layi ɗaya ne tak a fayilolin /etc/pam.d, amma nan ake yawan shan wahala.

Babban kuskure shi ne wurin da aka sa layin. PAM daga sama yake karantowa zuwa ƙasa. Idan pam_keyinit ya zo bayan wani sashe da ya riga ya saka makulli, makullin ya faɗa tsohon zobe ke nan, sannan a miƙa wa mutum sabo fayau. Zai shiga lafiya lau, sai ya nemi fayil a NFS, wato fayilolin da ke kan wata sabar, a hana shi, ya yi ta zargin sabar da ba ta ci ba ba ta sha ba. A kai layin can sama cikin layukan session:

session optional pam_keyinit.so force revoke

Shi kuma force ba ado ba ne. In babu shi, ba a ƙirƙirar sabon zobe sai idan wanda ake da shi shi ne zoben asali na mai amfani, wato _uid_ses. Idan shirin da ke karɓar masu shiga, kamar sshd ko login, ya gaji zobe daga wanda ya tayar da shi, kowa da ya shigo zai iya gadar wannan zoben. Bayan shiga a buga keyctl show: _ses ake so a gani a sama. Idan _uid_ses ne ya fito, layin bai yi aiki ba.

Shi kuwa revoke yana soke zoben da zarar an fita, kuma daidai ne. Sai dai wanda ya bar tmux, shirin da ke ci gaba da aiki bayan an fita, yana gudana zai dawo ya tarar da "Key has been revoked". Wasu sai su goge revoke gaba ɗaya, wanda a ganina gyaran gangar auzinawa ne. Gara a tayar da tmux da zoben kansa: keyctl session - tmux.

Kada a cusa layin a fayil ɗin umarnin "su", wanda ake sauya mai amfani da shi, domin galibi ana so makullai su bi mutum.

In kuma keyctl ya ce "Disk quota exceeded", a ƙyale faifai. Kason makullai ne ya cika: 200 ga wanda ba root (mai cikakken iko) ba, sai an sauya. A duba /proc/key-users, a ƙara adadin a /proc/sys/kernel/keys/maxkeys.