Yadda Ake Bayyana Sabon Nau'in Malam-Buɗe-Littafin Dare na Tsibiri da Raɗa Masa Suna

Ɗaliban Zangon Kumasi da ke nazarin ƙwari a jami'ar KNUST suna da dajin Bobiri kusa da gida don koyon aiki, amma wanda ya samu zuwa tsibiran Sao Tome da Principe da ke tekun Atlantika daura da Gabon yana iya kama malam-buɗe-littafin dare da ba a samunsa ko'ina sai can. Kafin tafiya a nemi izinin hukumomin ƙasar, domin Yarjejeniyar Nagoya ta 2010 ta tabbatar wa kowace ƙasa iko a kan halittunta.

Ana rataya farin zane a gaban fitila da dare, ƙwarin su taru a kansa. Wanda aka kama a soke shi da allura, a shimfiɗa fikafikansa su bushe, sannan a haɗa shi da takarda mai nuna wuri, kwanan wata da sunan wanda ya kama.

Babban aikin shi ne tabbatar da cewa sabo ne, kuma a nan masu gaggawa ke tuntuɓe, saboda launin fiffike yana yaudara. Ana jiƙa cikin ƙwaron a ruwan sinadarin KOH mai ƙarfin kashi 10 cikin ɗari, a ciro al'aurarsa, a duba siffarta da na'urar ƙara girma, sannan a cire ƙafa ɗaya don gwajin ƙwayar gado ta COI, wadda ake amfani da ita wajen bambance nau'o'in dabbobi. Dole a kwatanta sakamakon da na danginsa na tsibirin Bioko, Kamaru da Gabon, da kuma tsofaffin samfuran gidajen adana halittu na Landan da Paris. Wannan hukunci ba ƙarami ba ne: wani malam-buɗe-littafin dare mai dogon harshe na Madagaska, Xanthopan praedicta, a 1903 an ɗauke shi reshen wani nau'in Afirka, sai a 2021 aka ba shi matsayin nau'i mai zaman kansa.

Idan hujja ta tsaya, a zaɓi samfuri guda a matsayin na asali, a ajiye shi a gidan adana halittu, a ambaci gidan a cikin maƙalar da za a wallafa a kan sabon nau'in. Suna kalma biyu ne cikin sigar Latin: ta farko ta jinsi ce da babban baƙi, ta biyu ta nau'i da ƙarami. Sunan wuri yakan ƙare da "-ensis", kamar thomensis (wato na Sao Tome), na mutum namiji da "-i", na mace da "-ae". A ganina sunan tsibirin ya fi na mutum amfani, domin yana faɗa wa mai karatu inda ƙwaron yake.

Maƙalar ta fayyace abin da ya bambanta shi da danginsa, ta kuma ce sabon nau'i ne. Idan a intanet kaɗai za ta fito, tun daga 2012 sai an yi mata rajista a ZooBank, rumbun rajistar sunayen dabbobi na duniya. Wanda ya riga wallafawa bisa ƙa'ida, sunansa ne ke tsayawa.